Takabar da Binta Ba Ta Fara Ba

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya baƙunta? Ya Hauwa da yara? Mu nan ƙauyenmu Turawa lafiya, sai dai zancen ƙanwarmu Binta.

Damina biyu ke nan da 'yan bindiga suka ɗauke mijinta a gonarsa ta Falgore. Jiya ta tambayi liman, "Malam, in fara takaba ko in jira?" Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ba gawa, ba shaida, 'yata." Ta dawo ta sake wanke rigunan mijin nata.

Kai da kake karanta dokar duniya, ina ake kai wannan ƙarar?

Ka gaida Hauwa. Ku taya mu addu'a, don ni na rasa abin da zan roƙa masa, rahama ko dawowa.

Yayarka,
Ladi