Sai Yaya Ya Yarda

Ƙaraye, 3 ga Yuli

Zuwa ga Baffa Ɗanmaliki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da mutanen gida, da aikin damina. Tunda ka ce maganar ba ta waya ba ce, ga ta a rubuce.

Likitocin Kano sun tabbatar ciwon daji ne ya kama Baba a ƙaramin hanji, har ya taɓa hanta, aikin tiyata ba zai yi amfani ba. Amma suna gwajin wasu magunguna uku da ake haɗawa a ƙarin ruwa, duk bayan sati biyu. Likitar ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce ba warkewa ba ce, wataƙila dai ciwon ya lafa, ya samu ya ci abinci. Ƙarshen wata za su rufe ɗaukar mutane.

Baba ya karɓi biro zai sa hannu, sai ya ajiye. Ya ce, "Sai Yaya ya yarda. Tun rasuwar mahaifinmu ban taɓa tsallake maganarsa ba."

Baffa, kai muke jira. A gaida kowa.

'Yarka, Jamilatu

Rogo, 9 ga Yuli

Jamilatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, yaya mai jiki? Ban yarda ba.

Kina makaranta lokacin da aka yi wa matata Laure irin wannan ƙarin ruwan. Ni na riƙe mata kwano tana amai. Gashinta ya zube, bakinta ya yi gyambo, ko kunu ba ta iya haɗiyewa, ta rasu a gadon asibiti tana roƙona in mayar da ita gida. Wancan ma maganin da suka sani ne. Yanzu kuma wanda su kansu ba su gama sani ba za a ɗura wa ƙanena Zubairu? A bar shi a ɗakinsa. Allah ya ba shi lafiya.

Baffanki

Ƙaraye, 17 ga Yuli

Baffa,

Ina gaisuwa. Na karanta wa Baba takardarka, ya ce to. Ni ce ban ce to ba.

Inna Laure ta sha wuya, Allah ya jiƙan ta. Amma ka san halin da ƙaninka yake ciki? Jiya cokali biyu na koko ya sha, ya dawo da su. Wandonsa sai mun naɗe shi biyu. Na durƙusa ina roƙonsa ya sa hannu, jikinsa ne ba naka ba, ya juya fuskarsa bango. Daga Rogo zuwa nan ba nisa, ba ka zo ka gan shi ba, amma kai ka yanke.

Ka yafe mini in na yi rashin kunya.

Jamilatu

Rogo, 26 ga Yuli

Jamilatu 'yata,

Sallama da gaisuwa. Ranar kasuwa na haɗu da Malam Awaisu na Fulatan, ashe yana cikin gwajin nan. Ya rame, ba gashi a kansa, amma da ƙafarsa ya zo sayen taki, har muka ci gyaɗa tare. Kwana uku ina juya abin. Rashin zuwana kuwa, ba zan iya sake ganin irin abin da na gani ba ne.

Ki ce wa Zubairu na yarda. Ku tafi gobe.

Baffanki

Ƙaraye, 29 ga Yuli

Baffa,

Ina gaisuwa. Mun je. Sun ɗora shi a sikeli, sun ɗebi jini. Likitar ta ce da farkon wata ne da sun ɗauke shi, yanzu hantarsa ba za ta ɗauki maganin ba. Maganin zafin ciwo kawai muka dawo da shi.

A mota ya ce in rubuta maka cewa ka yi daidai, kada ka sa komai a ranka. To, na rubuta.

Yana ta tambayar ko ka iso. Ni dai ban ce masa kana hanya ba.

Jamilatu