Allurar da Ba a Yi wa Lado Ba

Daga Lawwali Maharazu,
Malamin Yaƙi da Jahilci,
Daddara, ta Jibiya.
Litinin, 21 ga Maris, 1977.

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Lafiya
mai kula da shiyyar kan iyaka,
Katsina.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RASUWAR YARO LADO BAYAN AN MAYAR DA SHI DAGA RUMFAR SANƘARAU TA JIBIYA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina sanar da kai cewa wani yaro ɗan shekara huɗu mai suna Lado ya rasu ranar Laraba, 16 ga Maris, a wata rugar Fulani kusa da Daddara. Kwana uku kafin haka an kai shi rumfar lafiya ta wucin gadi da aka kafa kusa da shingen kan iyaka saboda sanƙarau, aka dawo da shi ba a yi masa allura ba, alhali maganin yana nan. Na rubuto ne a madadin mahaifiyarsa, Hassana, da yardarta, bayan na ji ta bakinta, da na kakar yaron, da na ma'aikacin rumfar.

1. Mutanen wannan ruga daga ƙasar Nijar suka ƙetaro bayan fari da yunwar da aka yi a can shekarun baya. Mazansu sun yi kudu da shanu tun farkon rani. Ranar Lahadi, 13 ga wata, ranar kasuwar Jibiya, Hassana da surukarta Fatimatu suka taho a ƙasa da yaron, jikinsa zafi, wuyansa ya sanƙare. Sun iso da hantsi.

2. Ma'aikacin da suka tarar saurayi ne ɗan bautar ƙasa, mutumin kudu, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Umarnin da aka ba shi a rubuce shi ne kada ya yi wa ƙaramin yaro allura sai uwa ko uba sun amsa cewa ɗansu ne, sun kuma faɗi sunansa. Lado ɗan fari ne. Mai Girma ya sani, ko a cikinmu Hausawa mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, balle Bafulatana a gaban surukarta, cikin taron kasuwa. Da ma'aikacin ya nuna yaron ya nuna ta, sai Hassana ta kawar da kai, ta ja da baya. Sau uku yana tambaya. Daga nan ya rubuta cewa uwar ba ta zo ba.

3. Kakar, wadda ita ke riƙon yaron tun yaye, ta faɗi sunansa, ta yi dogon bayani da Fulatanci. Babu wanda ya ji. Ta kwance bakin zanenta ta fito da katin awon da aka ba su a Maraɗi. Da Faransanci aka rubuta shi, kuma na gan shi da idona: sunan uwar yana layi na biyu. Babu mai karanta Faransanci a rumfar. Wani ɗan kamasho da ke wucewa ya yi tafinta, ya ce musu an ce a je a zo da uwar yaro. Uwar tana tsaye, taku uku daga teburin. Sun zauna har la'asar, sannan suka koma.

4. Babu wanda ya taɓa gaya wa waɗannan mata cewa sanƙarau ba ya jiran gobe. Takardun gargaɗin da aka liƙa a tasha da jikin rumfar da Turanci suke da Hausar boko. Fulanin daji, da Buzaye, da matan da ke shigowa daga Maraɗi ba su karanta ko ɗaya. Da suka koma gida, tsimi da turare suka yi ta yi wa yaron.

Ranka ya daɗe, ban rubuto don a hukunta ma'aikacin ba. Umarni ya bi, kuma bai san wace ce matar da ta ja da baya ba sai ranar da na gaya masa. An kawo wa rumfar sabuwar mota, da firji mai aiki da kananzir, da magani kwali-kwali. Abin da ba a kawo ba shi ne mutum ɗaya da zai tsaya tsakanin teburin da masu zuwa.

5. Yanzu labarin da ke yawo a rugage da zangon Buzaye shi ne ba a yi wa wanda ba shi da takardar Nijeriya allura. Ba gaskiya ba ne, amma sun daina zuwa. Na kai wa ma'aikatan rumfar maganar da baki ranar Alhamis, na sake kaiwa ranar Asabar. Amsa ɗaya ce: ba su da ikon sauya umarni sai daga ofishinka.

Saboda haka nake roƙon Mai Girma, cikin ladabi, ya ba da izini a rubuce cewa kaka, ko goggo, ko duk wanda ya kawo yaro, zai iya amsawa a madadin uwa. A ɗauki tafinta mai jin Fulatanci da mai karanta Faransanci. Akwai su a cikin garin nan, zan iya kawo sunaye. A sa mai shela ya zaga kasuwa ranar Lahadi da Hausa da Fulatanci da Buzanci, ya faɗi alamun cutar, ya kuma faɗa cewa ba a neman takardar kowa. Kafin duk wannan, ina roƙo, don Allah, a tura motar nan rugar gobe. Ni zan nuna hanya.

Dalilin gaggawar shi ne, a bukkar da ke kusa da ta Hassana akwai yarinya 'yar shekara uku, Aishatu. Wuyanta ya sanƙare tun ranar Asabar. Ita ma 'yar fari ce. Hassana da kanta ta shiga ta roƙi uwar ta kai ta, ta ce ita za ta goya ta, ita za ta faɗi sunan. Uwar ba ta yarda ba.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ya sa takardar nan ta iso hannunsa da wuri. Zan ba direban motar hatsi ita da azahar ɗin yau, kuma har zuwa wannan lokaci Aishatu tana ruga, ba a yi mata allura ba.

Naka cikin biyayya,
Lawwali Maharazu