Ashana a Hannun Habi

Goronyo, Litinin 12 ga Mayu 2025, bayan la'asar

Malama Suwaiba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ya mutanen Wurno?

Yau da hantsi, a ɗakin tazarar haihuwa, anka kawo wata kurma mai suna Habi daga Tursa, tare da wanta Lauwali. Na duƙa ina gwada mata da hannu, ya ce, "Malama nas, ni za ki tambaya, ita ko ganga ba ta ji." Ashanar hana ɗaukar ciki yake so a sa mata a damtse. Na ce sai ta san ko ta mi ce. Shugabar ɗakin ta yi dariya: "Sabon shiga! Ba ga shi tana gyaɗa kai ba?" Malama, ko kujera na nuna mata gyaɗa kai take. Na ƙi, shugaba ta sa da kanta.

Ke kinka koya mana dokar masu buƙata ta musamman, cewa asibiti ya nemo hanyar magana da kurma. Ina zan kai ƙara? Kuma mi ya sa sunka tsallake asibitocin Rabah da Wurno da ke kusa da su? Tsoro nake ji.

Ɗalibarki,
Latifa

Wurno

Ɗiyata Latifa,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau muke.

Habi ɗiyar ƙanwata ce. Ni na turo su, don na san hannunki da tsabta, kuma can ba a san mu ba. Mijinta Iliyasu shi ma kurma ne. Jariri ya yi kuka, wa zai ji? Na fari da ta haifa ni na yi mashi wanka, ni na sa shi a likkafani. Doka ta aji ce, ɗiyata, wanga gida ne. Ba a tabbatar da ke a aiki ba tukuna. Ki kama bakinki.

Allah shi yi maki albarka.
Suwaiba

Goronyo

Malama,

Ina gaisuwa. Allah ya jiƙan yaron. Amma ke ce kinka kayar da ni a jarrabawa don na yi wa ɗan rakiya bayani na bar majinyaci.

Na je Tursa. Na iske Habi tana gyaran albasa. Na taɓa damtsenta, na zana ciki a jikina, na girgiza kai. Ta daɗe tana kallona. Wannan karon ba ta gyaɗa ba. Ta ture tiren albasar, ta shige ɗaki ta ja ƙyaure. Na kai ƙara a rubuce ga hukumar asibiti, da sunanki ciki.

Abin da ban sani ba:
ko duka ta gane ko rabi;
ko Iliyasu ya sani;
ko ina da aiki a watan gobe;
ko za ta yarda wata nas ta sake kama hannunta, ko da don a cire.

Ki huta lafiya.
Latifa