Rufin Gidan Inna Ya Fara Sauka

Zuwa ga Yaya Bodil,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Preben da yara, kuma sanyin Kanada bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan Frederikshavn kalau muke. Matata Ragna ta warke daga tarin da ya dame ta, ɗanmu Asger kuma ya karɓi rabin aikin kamfaninmu na rufin gidaje, ko da yake har yanzu sai na bi bayansa ina dubawa.

Na ɗauki alƙalami ne don na san in waya ce za ki katse ni kafin in kai ƙarshe. Yaya, rufin gidan Inna a tsibirinmu Læsø ya fara sauka. Gefen da ke kallon teku ya lotsa, katakon da ke bisa gadonta ya tsage, hannuna na shiga ciki. Kin san nauyin rufin ciyawar teku in ya sha ruwa. Bara da na ga yana yoyo na tura yaran aikina suka lulluɓe shi da tamfol, kamar yadda kowane magini zai yi. Ashe shi wannan rufi da iska yake rayuwa, sai danshi ya kwanta a ciki ya ci katakon. Ni da na fara da guduma ɗaya ta aro har na yi wa rabin gidajen garin nan rufi, ban taɓa ganin rufin da ke ƙin a taimake shi ba.

Na ce zan sa kwano cikin mako guda, hukuma ta ce gidan na tarihi ne, ba a taɓa shi sai da irin ciyawarsa. Masu tara ciyawar a kudu kuma sun ce ta bana ba ta bushe ba, sai sanyi ya wuce. Ga lokacin guguwa ya ƙarato.

Na je na roƙi Inna ta dawo wurinmu kafin nan. Ta zuba mini kofi, ta kira ni sarkin kwano, ta tambaye ni ko bargon da na lulluɓa wa gidan ya ji masa ɗumi. Wai tun zamanin da masu dafa gishiri suka ƙone itatuwan tsibirin kaf, mata ne suka murɗa ciyawa da hannunsu suka rufe kan 'ya'yansu, maza suna can teku. Ta ce rufin nan ya ga jiragen yaƙin Ingila, ya ga sojan Jamus, bai faɗo wa kowa ba, ba ɗan da ta yi wa wanka a daro ne zai fitar da ita da akwati ba. Shekararta tamanin da bakwai, Yaya, kuma ba ta ji sosai. In katakon ya yi ƙara ba za ta sani ba.

Ke take jin maganarki. Don Allah ki kira ta ran Lahadi bayan coci. Kada ki ambaci rufi, ki ce za ki zo Kirsimeti kuma a gidana kike son ki same ta. In ta ƙi, na riga na gaya wa Ragna zan ɗauki katifata in shimfiɗa a ɗakin, daidai ƙarƙashin tsagar. Inna tana iya kwana a wurin ita kaɗai. Ina so in ga ko zuciyarta za ta bar ni, ɗanta, in kwana cikin wannan haɗari.

Ki gaida Preben, ki gaida Solvej da ƙaramin Troels. Ragna da Asger suna gaishe ku. Allah ya tsare mana ita.

Ƙaninki,
Aksel