Rafin Kakarmu a Taswirar Baƙi

Yaya Mboje,

Ina gaisuwa. Ya jikin Mama da yara? Ni lafiya lau nake a Maskat, ƙafar ma ta rage kumburi, amma kada Mama ta ji.

Kin ce masu zana taswira sun shiga dajinmu na Pemba, Kawu Faki ya raka su, suka rubuta "Rafin Faki". Tun yaushe? Sunan kakarmu Bi Time yake amsawa tun daga tudu har teku, kuma kin sani, gidan mai sunan rafi ke tsinkar kanumfarin bakinsa. Kawu Fakin da ciwon gwiwa ya hana zuwa masallaci, shi ya hau tudu da baƙi?

Ki tara tsofaffi gaban mai unguwa kafin a fara tsinka. Allah ya tsare ku.

Ki gaida Kawu, ki ce na yi murna gwiwar ta warke.

Ƙaninki,
Shaame