Kalmar da Na Ƙi Fassara wa Inna

Daren Talata, Daura

Ɗazu da safe na koya wa ɗalibaina kalmar "rejoin", wato mutum ya koma cikin waɗanda ya baro. Bayan magariba sai ga ta a bakin maigidana. Yana waya da ogansa na soja, ya juye Turanci don kada mahaifiyarsa ta gane. Daji zai koma wurin rundunarsu, alhali ƙafar da aka harba ba ta gama warkewa ba. Ko ni bai gaya wa ba!

Mahaifiyar tasa, Inna, ta taɓo ni. "Hadiza, me yake cewa?"

Na ce, "Inna, Turancin sojoji ya fi ƙarfina."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce gobe mu yi masa dambun naman guzuri.