Da Ƙafata Na Taka Bakin Teku

Tremont, Bronx, New York

Zuwa ga Yaya Abdulwahab,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Najat ta gaya mini ciwon gwiwarka ya sake tashi, Allah ya ba ka sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan alhamdulillahi. Ɗanka Kadri ya gama jarrabawa, ni kuma na koma aiki a filin jirgi, rabin yini. Likita ta ce gwajin ƙarshe ya fito fes, babu alamar ciwon dajin.

Yaya, na saurari saƙon muryar da ka turo. Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba na iya katse ka, kuma wannan magana ina so ta kai ƙarshe. Ka ce Malam Harouna mai kanti ya turo maka hotona da jakar goyo, ya ce ina yawon bakin ruwa ina kwana a gidajen da ba a san shigar kowa ba. Ka ce matar marigayi ƙaninka ba ta yin haka, kuma in ban daina ba, ba za ka tsaya waliyyin Najat ba. Hoton gaskiya ne, ni ce a ciki. Sauran kuwa bari ka ji daga bakin wadda ta je.

Shekara da shekaru ina tura tsofaffi a keken guragu a filin jirgin JFK, ina hango teku ta gilashi, ban taɓa jiƙa ƙafata a ciki ba. Baban Najat yakan ce za mu je idan yara sun girma. Yara suka girma, shi ya koma ga Ubangijinsa. Ni kuma bara na kwanta, aka yanka ni, gashina ya zube, ko bayan gida sai an riƙe ni. A gadon asibitin nan na yi wa kaina alkawari, in Allah ya tashe ni, sai na taka ƙasarsa da ƙafata. Da zafi ya shigo na sayi takalmin tafiya, na hau bas zuwa Cape Cod, wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin teku, na dinga bi daga gari zuwa gari, wani wurin a ƙasa, wani wurin a mota.

Wurin kwanan da ake zagi, hostel suke ce masa. Ɗakin mata daban yake, gadaje ne masu hawa biyu irin na makarantar kwana, kicin ɗaya na kowa. A na farko wata tsohuwa Bajamushiya ta gan ni ina neman alƙibla, ta janye kayanta ta ba ni fili, har ta hana 'yan matan ɗakin surutu sai da na sallame. Da yamma na yi dafa-duka na barbaɗa yajin da Yaya Halima ta aiko mini, suka ci suna hawaye suna neman ƙari. Sallah ko ɗaya ba ta wuce ni ba, hijabina bai bar kaina ba. Wannan shi ne asirin da Malam Harouna ya tono.

Ba zan ce maka da sauƙi ba. Wata rana hanyar ta bi ta kan tudun yashi, kana taku ƙafa tana nutsewa, iska tana tura ka baya, igiyar jakar tana gugar ɗinkin aikin da aka yi mini. Ina hango hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, amma ta ƙi matsowa. Ƙafafuna suka mutu, na zube a yashi na yi kuka sosai. Wani mai gadin wurin ya tsaya da motarsa ya ce in shigo ya ƙarasa da ni. Na gode masa, na ce ruwa kawai nake so. Na sha, na karanta abin da ya sawwaƙa, na miƙe. Da na isa, na cire takalmi na shiga ruwan har idon sawu, sanyinsa ya ratsa ni har ƙashi. Can gaba wasu dabbobin ruwa masu gashin baki kamar na kyanwa suka ɗago kai suna kallona. Yaya, tun rasuwar ƙaninka ban yi dariya irin ta ranar ba.

Lokacin da nake kwance, mutanen da ke yawo da hotona yau ba su hau benen gidana sun tambayi ko na ci abinci ba. Kai ka yi, ka kira, ka sa an yi mini sauka, ban manta ba, shi ya sa maganarka ta fi ta kowa yi mini ciwo. Amma ba zan ba da haƙuri a kan abin da ba laifi ba ne, kuma ba zan yi maka alkawarin dainawa ba, don ƙarya zan yi.

Maganar Najat kuwa, ka raba ta da tawa. 'Yarka ce, jininka ce, ba ta taka yashin kowa ba. Da ta ji saƙonka ta shiga ɗaki ta rufe, ta ce ita ba ta da uban da ya wuce ka. Ranar ɗaurin auren da aka sa tana nan. In ka tsaya mata, ka cika amanar ɗan'uwanka, mu gode. In ka ƙi, limamin masallacinmu ya ce akwai hanyar da shari'a ta tanada, za a ɗaura, amma kai za ka yi wa yarinyar bayani da bakinka, ba ni ba. Bayan biki kuma, in Allah ya kai mu, gaɓar tekun jihar Maine zan bi.

Ka gaida Yaya Halima Sa'adiya, da Khairunnisa da jaririnta, da Baba Tsoho, ka ce ina neman addu'arsa. Najat da Kadri suna gaishe ka. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka mai girmama ka kullum,
Balki